Bindigar da ke tashi ba a taɓa kunama ba

Salamu alaikum 'yan uwa mafarauta na Daura da kewaye. Ina roƙon ku da Allah, duk wanda bindigarsa ta taɓa tashi da kanta, ko sau ɗaya ne, ya daina fita da ita daji.

Wannan matsala har manyan kamfanoni ta taɓa. A 2014 kamfanin Remington na Amurka ya nemi a dawo masa da bindigoginsa ƙirar Model 700 da Model Seven masu kunamar X-Mark Pro, waɗanda aka ƙera daga Mayun 2006 zuwa Afrilun 2014. Gam ɗin da aka sa wajen haɗa kunamar ne ya yi yawa, sai bindiga ta iya tashi ba da nufin mai ita ba. Ga yadda ake gane ta: cire harsashi, ka shafa inda yatsa ke zama. In santsi ne sumul, tana iya shiga cikinsu, sai a duba lambar jikinta. In mai zane-zane ce, ba ta ciki.

Kowace iri ce taka, ko da ta harbi-ka-ruga ce, ka fitar da harsashi ko albarushi bakinta na kallon ƙasa, ka kulle ta inda yara ba sa kaiwa. Harsashin a ajiye shi daban.

Kada ka ɗiga mata baƙin mai ka ce ta gyaru. Mai yana kama ƙurar hunturu, ya daskare cikin kunama, abin ya ƙara lalacewa. Goge ta da magagari kuwa ya fi komai haɗari. Kai ta wurin maƙerin da ya san aikin bindiga, da takardar izininka a aljihu.