Kurakuran da Aka Fi Yi Game da Taici da Garkuwar Jiki

Duk mai wayar hannu a Garwa ko Marwa ko Ngaundere, a arewacin Kamaru, ba zai rasa cin karo da bidiyon dattawan ƙasar Sin suna ɗaga hannu suna saukewa a natse ba, kuma sau da yawa akan haɗa bidiyon da alkawarin cewa wannan motsa jiki, wato taici, yana ƙarfafa garkuwar jiki har cuta ta kasa kusantar mutum. Asalinsa dabarar kare kai ce da ake dangantawa da ƙauyen zuriyar Chen a lardin Henan tun ƙarni na 17, sannan a 1956 hukumomin Sin suka taƙaita shi zuwa motsi 24 domin amfanin jama'a, a 2020 kuma UNESCO, hukumar ilimi da kimiyya da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sanya shi cikin al'adun da ɗan Adam ya gada. Akwai gaskiya a batun garkuwar jikin, amma gaskiyar tana da iyaka, kuma yawancin kurakuran da ake yi daga tsallake wannan iyaka suke fitowa.

Kuskuren da ya fi kowane haɗari shi ne ɗaukar taici a madadin allurar rigakafi ko magani. Binciken da aka fi kafa hujja da shi na Michael Irwin ne da abokan aikinsa a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles, wanda aka wallafa a 2007. Sun ɗauki mutum 112 masu shekaru tsakanin 59 da 86, suka raba su gida biyu: kashi ɗaya yana taici sau uku a mako, ɗayan kuma yana sauraron darussan kiwon lafiya. Abin da suka auna shi ne yadda fararen ƙwayoyin jini ke tunkarar ƙwayar cutar ƙarambau, wadda kan ɓuya a jijiyoyi tun ƙuruciya, ta taso bayan tsufa ta haifar da ƙurajen nan masu raɗaɗi a gefe ɗaya na jiki, waɗanda likitocinmu ke kira zona. Masu taici sun nuna ƙaruwar garkuwa, wannan babu musu. Sai dai abin da masu yaɗa labarin suke tsallakewa shi ne, bayan mako 16 an yi wa kowa da kowa allurar rigakafi, kuma garkuwa mafi girma an same ta ne wurin waɗanda suka haɗa taici da allurar. Ban da haka, binciken jini ya auna, bai ƙirga mutum nawa suka kamu da zona daga baya ba. A wannan shekarar ta 2007 wani ƙaramin bincike a Jami'ar Illinois ya sami irin wannan sakamako da allurar mura, shi ma tare da allurar aka yi shi.

Gyaran wannan kuskure a wurinmu ya fi muhimmanci a kan na mutumin Amurka, domin muna zaune ne a yankin da sanƙarau ke ɓarkewa lokacin rani, zazzaɓin cizon sauro kuma ya addabi gidaje da damina. Kamaru ta fara yi wa jarirai rigakafin zazzaɓin cizon sauro a cikin tsarinta na yau da kullum a watan Janairun 2024, kuma babu wani motsa jikin uba ko na kaka da zai tsaya wa jariri a matsayin wannan allura, ko a matsayin gidan sauro. Haka nan mai shan maganin tarin fuka ko na cutar ƙanjamau ko na ciwon sukari, idan ya fara taici ya ji jikinsa ya yi sauƙi, to ya ci gaba da maganinsa kamar yadda aka rubuta masa, ragi ko canji kuwa sai da bakin likita.

Wani kuskuren kuma rashin fahimtar hanyar da amfanin yake bi ne. Wasu suna zaton akwai wani sirri a cikin jujjuya hannun kansa, shi ya sa suke damuwa da kwaikwayon siffa, su manta da numfashi da natsuwa. Abin da masana suka fi gamsuwa da shi ya fi haka sauƙi. Damuwa mai daɗewa tana dagula kotizol, wato sinadarin da jiki ke fitarwa lokacin damuwa, ƙarancin barci yana raunana aikin ƙwayoyin garkuwa, zaman wuri ɗaya kuma yana da alaƙa da wani ɓoyayyen kumburi da ke ƙaruwa da shekaru. Taici yana taɓa waɗannan ukun a lokaci guda, domin motsi ne matsakaici da ake haɗawa da dogon numfashi da tattara hankali, kuma a wasu bincike an ga alamomin kumburi a jini sun ragu, musamman ga dattawa masu fama da rashin barci, ko da yake sakamakon bai zo daidai a kowane bincike ba. Saboda haka wanda ya yi taici da safe, ya raba dare yana shan shayi yana latsa waya, ya rushe da hannunsa abin da ya gina.

Gaggawa ma tana cikin abin da ke sa mutane su watsar da shi. Binciken da aka ambata watanni aka yi ana atisaye kafin a ga canji. Minti talatin ko arba'in sau uku a mako, a ɗore a kai, shi ne ma'aunin da ya dace, kuma yana shiga cikin minti 150 na motsa jiki a mako da Hukumar Lafiya ta Duniya take ba baligi shawara.

Sai kurakuran da yanayinmu ke jawowa, waɗanda mai koyarwa a bidiyo daga Beijing ba zai faɗa ba. A Garwa zafin Maris da Afrilu yakan wuce digiri 40, kuma sanyin motsin taici yana ruɗar mutum ya ɗauka ba ya asarar ruwa, alhali gumi yana bushewa ne kafin a gan shi. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan sallar asuba, ko da yamma idan rana ta yi sanyi, a inuwa, da ruwan sha a kusa. A watan azumi kuwa gara a mayar da shi bayan buɗa baki. Da hunturu matsalar ƙura ce, domin dogon numfashi a fili ranar da hazo ya rufe gari yana tayar da asma da tari, don haka a irin wannan rana a koma cikin ɗaki ko zaure. Wanda kuma zazzaɓi ya kama, gwajin jini a asibiti ya kamace shi, atisaye ya jira sai ya warke.

A ɓangaren motsin kansa, gwiwa ce ta fi shan wahala. Sabon shiga yakan ga gwani ya durƙusa ƙasa ƙwarai, shi ma ya kwaikwaya, ya murɗa jiki alhali nauyinsa duka yana kan ƙafar da ke kafe a ƙasa. Ƙa'idar ita ce gwiwa ta fuskanci inda yatsun ƙafa suka fuskanta, a lanƙwasa ta kaɗan kawai, a ɗauke nauyi daga ƙafa kafin a juya ta. Riƙe numfashi ma kuskure ne, musamman ga mai hawan jini. Idan daidaita numfashi da motsi ya gagara da farko, a bar shi ya tafi yadda ya saba.

Abin mamaki, fa'idar da hujjarta ta fi ƙarfi ita ce aka fi mantawa da ita, wato kare tsofaffi daga faɗuwa. Wani bincike da Fuzhong Li ya jagoranta a jihar Oregon, wanda ya fito a 2018, ya bi mutum 670 masu shekara 70 zuwa sama, ya kuma sami raguwar faɗuwa da kashi 58 cikin ɗari ga masu taici idan aka kwatanta da masu miƙe gaɓoɓi kawai. Karayar ƙugu ga dattijo tana nufin doguwar jinya a kwance, inda ciwon huhu da gyambon kwanciya suke samun ƙofa. Don haka idan Baba ko Inna za su fara, a ajiye kujera ko a tsaya kusa da bango don dafawa, a share tsakuwa daga tsakar gida, a cire silifas mai santsi, a kuma fara da motsi biyu ko uku daga cikin 24 ɗin har sai ƙafa ta saba.