Yadda ɗalibi zai bi sawun kuɗin rajistarsa kafin ya fita zanga-zanga ko ya ci bashi

A shekarar 2023 da aka ƙara mana kuɗin rajista, ina tsaye a layin wani shagon intanet da ke bakin ƙofar makarantarmu lokacin da wata 'yar ajinmu ta karɓi takardar biyan kuɗinta. Ta karanta adadin sau biyu, ta ninke takardar gida huɗu, ta cusa a cikin littafi, ba ta ce uffan ba. Mahaifinta malamin firamare ne da ya yi ritaya, kuma da aka dawo zango na gaba ba mu ƙara ganinta a aji ba. Tun daga ranar na ƙudurta cewa sai na fahimci inda wannan ƙari ya samo asali, domin na lura yawancinmu muna sauke fushinmu a kan shugaban jami'a da ma'aji, alhali igiyar da ta shaƙe mu daga nesa aka jawo ta. Abin da ke tafe shi ne hanyar da na bi, wadda kowane ɗalibi zai iya bi da biro da takarda.

Ka fara da rasit ɗinka, na bara da na bana, ka shimfiɗa su gefe da gefe. Gwamnatin tarayya ta sha nanata cewa ba a biyan kuɗin koyarwa a jami'o'inta, kuma a takarda haka ne. Abin da kake biya tarin ƙananan kuɗaɗe ne: na jarrabawa, na laburare, na asibitin makaranta, na ɗakin gwaje-gwaje, na intanet, na ɗakin kwana. Ka duba wanne ya fi tashi, ka rubuta bambancin a gefensa. Za ka ga cewa kusan dukansu abubuwa ne da jami'a take saye a kasuwa, kamar takarda da magani da man janareta da sinadaran gwaji waɗanda ake shigowa da su da dala.

Daga nan sai ka jera ranaku, domin ranaku ne ke nuna wa ya taɓa wa. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur a jawabinsa na kama aiki, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen naira 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura naira 1,000 a wurare da dama. A watan Yunin 2023 Babban Bankin Najeriya ya saki naira kasuwa ta yi mata farashi, dalar da hukuma take sayarwa wajen naira 460 ta wuce naira 1,400 a farkon 2024. A Afrilun 2024 hukumar NERC ta amince wa kamfanonin rarraba wutar lantarki su ƙara kuɗin wuta ga masu rukunin Band A, wato waɗanda aka ware wa wuta mafi yawan sa'o'i a rana, daga wajen naira 68 zuwa naira 225 a kowane yunit, jami'o'i da asibitocin koyarwa da yawa kuma a wannan rukuni suke. A Janairun 2025 hukumar NCC ta bai wa kamfanonin sadarwa damar ƙara kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya bugi ɗalibi sau biyu: ya same shi kai tsaye a kuɗin adaidaita sahu da farantin garau-garau, ya kuma zagayo ta cikin rasit ɗin makaranta. Abin da ya kamata ka riƙe a nan shi ne cewa kamfanin wuta da na sadarwa suna da hukumar da suke kai wa kuka idan kuɗin gudanarwa ya yi musu nauyi, a saurare su, a ƙara musu farashi, jami'a kuwa idan kasafinta bai ƙaru ba, aljihun ɗalibi kaɗai take iya kaiwa gare shi.

Mataki na uku ya fi buƙatar natsuwa, domin a nan ne mutane da yawa suke ruɗewa. Ka zagaya harabar makarantarku ka ƙirga gine-ginen da ke ɗauke da allon TETFund, wato asusun gwamnatin tarayya na tallafa wa manyan makarantu. Wannan asusu kuɗin kamfanoni ne, kuma ba don alheri suka fara bayarwa ba. Ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU, a zamanin shugabancin Attahiru Jega, ita ce ta matsa a yarjejeniyar 1992 cewa a ɗora wa kamfanoni haraji domin ilimi, aka kafa dokar a 1993 da kashi 2 cikin 100 na ribarsu. A 2011 aka mayar da asusun na manyan makarantu zalla, daga baya harajin ya koma kashi 2.5, sannan kashi 3 a 2023. Sabuwar dokar haraji da aka sanya wa hannu a Yunin 2025 ta haɗe shi da wasu haraje-haraje zuwa kashi 4 cikin 100, wanda TETFund zai raba da wasu hukumomi. To amma kuɗin TETFund na gine-gine ne da kayan aiki da bincike da ƙaro karatun malamai, ba a biyan kuɗin wutar wata-wata da shi. Shi ya sa kake ganin sabon ɗakin lacca mai ɗaukar mutum ɗari biyar, ga fankoki a jere a sama, amma kuna rubuta jarrabawa kuna fifita da katin shaida. An gina ɗakin da harajin kamfani, wutar da za ta juya fankar kuma an bar wa rasit ɗinka.

Ra'ayina a nan a fili yake. Bankuna da kamfanonin siminti da na sadarwa da na mai suna ɗibar injiniyoyi da akantoci da lauyoyin da jami'o'in gwamnati suka horar, saboda haka harajin ilimi haƙƙi ne a kansu. Duk lokacin da ka ji an yafe wa wani babban kamfani haraji na shekara uku zuwa biyar da sunan jawo masu zuba jari, ko ka ji ana shirin rage kason TETFund, ka ɗauke shi a matsayin labarin da ya shafi kuɗin makarantarka, ka bibiye shi kamar yadda kake bibiyar ranar fitowar sakamako.

Idan ka tara wannan, sai ka nemi lissafin makarantarku a rubuce. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar neman bayani daga hukumar gwamnati, ta kuma ba hukumar kwana bakwai ta amsa. Ya fi kyau wasiƙar ta fito ta hannun ƙungiyar ɗalibai, cikin ladabi, zuwa ga magatakarda, a tambayi abu uku: nawa gwamnati ta turo na gudanarwa a shekarar, nawa aka tara daga ɗalibai, nawa aka kashe a wuta da mai. Ku riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa. Ina girmama ɗaliban da suka fito a Afrilun 1978 a boren da aka sani da "Ali Must Go", kan ƙarin kwabo 50 a kuɗin abincin yini, inda aka rasa rayuka a Legas da Zariya, kuma saboda wannan girmamawa ne nake ganin bai dace a tura ƙannenmu titi ba tare da shugabanninsu sun san adadin da suke jayayya a kai ba. Wakilin da ya shiga ofishin shugaban jami'a da alƙaluma a hannu zai iya neman a raba biyan kuɗi kashi biyu, a ƙara wa'adin rajista, ko a cire wani caji da ba shi da hujja.

Saura batun bashi. Asusun NELFUND, wanda gwamnatin tarayya ta kafa domin bai wa ɗalibai bashin karatu, ya buɗe shafinsa a Mayun 2024, bayan an sake fasalin dokar bashin a Afrilun shekarar aka cire sharaɗin kawo masu tsaya wa ɗalibi. Ana nema da lambar JAMB da NIN da BVN da lambar rajistar makaranta. Kuɗin rajista kai tsaye yake tafiya asusun makaranta, alawus na naira 20,000 a wata kuma ya shigo asusunka idan ka nema. Babu kuɗin ruwa a kansa, abin da ya kwantar wa iyaye da yawa hankali ta fuskar addini, kuma ana fara biya ne shekara biyu bayan kammala hidimar ƙasa, ta hanyar cire kashi 10 cikin 100 na albashi.

Kafin ka danna neman, ka zauna da mahaifi ko wanda ke ɗaukar nauyinka ku yi lissafi. A ce rajistarka naira 100,000 ce a shekara, aka kuma ba ka alawus na wata goma kowace shekara, to a shekara huɗu bashin ya kai naira miliyan 1.2. Mai karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 zai riƙa biyan 7,000 a wata, ya shafe fiye da shekara goma sha huɗu. Mai albashin 150,000 zai gama cikin shekara shida da wata takwas. Kashi biyu cikin uku na wannan bashi alawus ne, saboda haka wanda yake da ɗan abin yi, ko ɗinki ko gyaran waya ko koyar da yara da yamma, zai iya neman na rajista kaɗai. Wanda kuwa zaɓinsa ya rage tsakanin bashin da barin karatu, ina ba shi shawara ya karɓa duka, domin bashin da ba ya haihuwa nauyinsa raguwa yake yi yayin da farashin kaya da albashi suke hawa.

Bayan an amince maka, ka je ofishin ma'aji ka tabbatar kuɗin ya shiga da sunanka, idan kuma ka riga ka biya da kanka kafin ya iso, ka rubuta takardar neman a mayar maka da naka. Ka buga shaidar amincewar da kowane saƙon banki na alawus, ka haɗa su da rasit ɗin kowace shekara a fayil guda, ka ajiye a gida wurin da ruwan damina ba zai taɓa shi ba, domin wata rana wanda ya ɗauke ka aiki zai fara cire kuɗin daga albashinka, kuma waɗannan takardu ne za su nuna adadin da ka karɓa.