Darasi na Tara: Yini Guda a Birnin Bankok

Karanta wannan labari a hankali. Duk inda ka iske lamba, tsaya ka faɗe ta da baki kafin ka wuce.

Alhaji ɗan kasuwa ne. Yakan je Bankok, babban birnin ƙasar Tailan, ya saro tufafi a kasuwar Pratunam. A wannan zuwan ya tafi da maiɗakinsa, Hajiya, wadda ba ta daɗe da gama ajin yaƙi da jahilci ba. Da suka gama sari, sai suka ware yini guda don buɗe ido.

Kafin su fita, Alhaji ya baza kuɗi a kan gado. Sunan kuɗin ƙasar baht. Takardar 20 koriya ce, ta 50 shuɗiya, ta 100 ja, ta 500 shunayya, ta 1,000 ruwan ƙasa. Ya ce, "Hajiya, kada ki dogara da launi kaɗai. Ki riƙa duba lambar." Ya kuma ja mata kunne cewa hoton sarkin ƙasar yana jikin kuɗin, saboda haka ko iska ta ɗauke takarda ba a take ta da ƙafa.

Suka shiga jirgin ruwan haya a kogin Chao Phraya, suka sauka kusa da Babbar Fada. Suna cikin tafiya sai wani mutum ya tare su, ya ce yau fada a rufe take, su zo ya kai su wani wuri a tuk-tuk, wato irin adaidaita sahunsu na can. Hajiya ta ce, "Alhaji, mu ƙarasa ƙofa tukuna." A ƙofa ta karanta allo da kanta: ana sayar da tikiti daga 8:30 na safe zuwa 3:30 na yamma. Ga mutane suna ta shiga. Wannan dabara an daɗe ana yi wa baƙi ita a wurin, kuma wanda ya iya karatun allo ba ya faɗawa cikinta.

Suka biya baht 500 kowannensu. Sarki Rama na 1 ne ya fara gina fadar a 1782, shekarar da ya mayar da Bankok babban birni. Ba a shiga da gajeren wando ko rigar da ta bar kafaɗa a buɗe, shigarsu kuwa ta gida ta wadatar. Daga nan suka taka zuwa Wat Pho, wurin ibadar mabiya addinin Buddha, inda aka yi mutum-mutumin Buddha a kwance mai tsawon mita 46. Ana tuɓe takalmi a bakin ƙofa. Su kallon gini da aikin hannu ya kai su, amma sun rage murya don akwai masu ibada a ciki, kuma haka ya kamata baƙo ya yi.

Da azahar ta yi suka nufi Masallacin Haroon a unguwar Bang Rak, wani tsohon masallaci da ke cikin lungu kusa da kogi. Suka yi salla, sannan aka shiga neman abinci.

Nan ne ake son natsuwa. A Tailan naman alade yana shiga girki da yawa, har a romon da ba ka ga tsoka a ciki ba. Ƙasar tana da Musulmi, kuma hukumar addinin Musulunci ta ƙasa tana ba da tambarin halal. Hajiya ce ta fara hango shi a jikin wani shago, an rubuta da harufan Larabci. Ta ce, "Alhaji, wannan kam tun a makarantar allo na san baƙaƙensa." Suka zauna.

Aka kawo musu khao mok gai, shinkafa rawaya da aka dafa da kurkum da kayan ƙamshi, ga cinyar kaza a kai, ga soyayyar albasa, ga yankan kokwamba da wani ɗan miya kore mai tsami-tsami a gefe. Alhaji ya ƙara da tom yum, romon jatan lande mai lemun tsami da barkono. Cokali biyu ya kai, gumi ya keto masa. Wanda ba ya son yaji sai ya ce wa mai abinci "mai phet", wato "ba yaji" a yarensu, tun kafin a ɗora tukunya. Suka rufe da mangwaro da shinkafa mai danƙo da aka zuba wa madarar kwakwa. Hajiya ta ce in sun koma gida sai ta gwada shi lokacin mangwaro.

A hanya ta sayi biskit na tsaraba, ta duba ranar lalacewarsa, ta ga shekarar da ta haura 2500. Alhaji ya yi mata bayani: lissafin shekarunsu ya ɗara namu na Miladiyya da 543. In ka ga 2568, cire 543, ka sami 2025.

Bayan isha'i suka kira yara a Kano. Agogon Bankok yana gaban na Najeriya da awa 6.

Aiki

1. Nawa Alhaji ya biya na tikitin mutum biyu? Da wace takarda guda zai iya biya?
2. A ce abincinsu ya kama baht 340, ya miƙa 500. Nawa ne canjinsa?
3. An rubuta 2570 a jikin gwangwani. Wace shekara ce a lissafinmu?
4. Ƙarfe 8 na dare a Bankok, ƙarfe nawa ne a Kano?
5. Rubuta jimla uku a kan yadda Hajiya ta gane cewa fada a buɗe take, ka karanta wa na kusa da kai.