Yadda Matafiyi Zai Kauce wa Hukuncin Shiga Amurka da Tabar Kyuba

Matafiyin da ya yada zango a filin jirgin Dubai ko Landan a hanyarsa ta zuwa Amurka zai tarar da akwatunan tabar siga ta Kyuba, wato mai kaurin nan da ake naɗewa da hannu a cikin ganye, an jera su a kantunan da ba a biyan haraji. Sayenta a can ba laifi ba ne, amma da ya sauka da ita a Amurka ta zama haramtacciya, ko da kara ɗaya ne ya riƙo wa aboki tsaraba.

Asalin haramcin shi ne takunkumin da Shugaba Kennedy ya ƙaƙaba wa Kyuba a watan Fabrairun 1962, kuma ofishin OFAC na Ma'aikatar Baitulmali ne ke kula da shi. Abin da ke rikita mutane shi ne sassaucin zamanin Obama, domin a 2015 an yarda matafiyin da ya dawo daga Kyuba ya shigo da taba da barasa na dala 100, a Oktoban 2016 kuma aka cire wannan iyaka. Gwamnatin Trump ta soke sassaucin a ranar 24 ga Satumba, 2020. Saboda haka duk wanda ya ce maka ya taɓa wucewa da akwati guda lami lafiya, ka tambaye shi shekarar.

Kafin ka biya kuɗi, ka juya akwatin ka duba ƙasansa. Idan ka ga an rubuta "Hecho en Cuba", ko ka ga koren hatimin gwamnatin Kyuba da tambarin Habanos, kamfanin da ke fitar da tabar Kyuba, a kusurwa, to ka mayar da shi inda ka ɗauko. Sunan tabar kaɗai ba ya wadatarwa, domin Cohiba da Montecristo sunayen tabar Kyuba ne, amma akwai masu waɗannan sunaye da ake naɗewa a Jamhuriyar Dominika, waɗanda ake sayarwa a Amurka bisa doka. Inda aka noma ganyen aka sarrafa shi ake dubawa, kuma sayen tabar a wata ƙasa bai wanke ta ba. Baƙo yana iya shiga da kara 50 na wadda ba ta Kyuba ba ba tare da haraji ba, mazaunin ƙasar kuma 100. Ka adana rasit, ka bar kowane kara da zobensa na takarda. Wasu kan ɓare zoben don ɓoye asali, wanda a ganina ganganci ne, tunda ya nuna mutum ya san abin da yake yi.

Idan kuwa ka riga ka saya, mafi sauƙi shi ne ka kyautar da ita kafin ka hau jirgi na ƙarshe. Idan sai bayan saukarka ka tuna, ka faɗa wa jami'in kwastan da bakinka tun bai buɗe jaka ba. Za a ƙwace ta, kuma galibi a nan maganar ke ƙarewa ga mai 'yan karare kaɗan.

Ɓoyewa ce ke jawo babban hukunci. Dokar hana ciniki da abokan gaba ta 1917 ta tanadi tarar da ta kai dala miliyan 1 ko ɗaurin da ya kai shekara 20 ga wanda ya karya takunkumin da gangan, ban da tarar da OFAC ke iya ci ba tare da zuwa kotu ba, wadda tushenta dala 50,000 ne, ana kuma ƙara ta gwargwadon hauhawar farashi. Yi wa jami'in tarayya ƙarya laifi ne na daban mai ɗaurin da ya kai shekara 5. Ga baƙo mai biza kuwa, jami'in da ya kama shi da ƙarya yana da ikon hana shi shiga, a sa shi a jirgi ya koma inda ya fito.