Yadda ake haɗa magani da zafi don katako ya daɗe

Duk kafintan da ya taɓa kwance rufin gida a Jos ya san abin da nake nufi: ka danna katakon tu-bai-fo da babban yatsa, sai ya lotsa, gari ya zubo kamar fulawa. Damina a nan tana kama daga Afrilu zuwa Oktoba, ga raɓa, ga gara. Shafa baƙin mai da ake yi a Kasuwar Katako iyakarsa saman itace, cikin yana nan yadda yake. Abin da ya fi shi ne a haɗa magani da zafi, domin kowanne yana rufe aibin ɗan'uwansa. Zafi yana rage shan ruwa da funfuna, amma ba ya hana gara. Maganin boron, wato haɗin sinadaran boraks da borik asid, yana kashe gara da ƙwaro, amma ruwan sama yana wanke shi.

Da farko ka gama duk yanka, fiƙa da huji. In ka yanka bayan magani, ka buɗe wa ƙwaro ƙofa ke nan.

Sai haɗin magani. A lita 100 na ruwa, zuba kilo 3 na boraks da kilo 2 na borik asid, ka dama da ruwan ɗumi har ya narke. Sa safar hannu, kuma kada yara ko awaki su kusanci wurin. Mai walda zai iya tsaga maka durom biyu a tsaye, ya haɗa su su zama dogon kwami.

Nan ne aikin yake, ɗan'uwa, kada ka yi gaggawa. Jera katakon cikin kwamin, ka danne shi da dutse don kada ya taso, ka hura wuta a ƙasa har ruwan ya kusa tafasa, wajen digiri 80 zuwa 90. Za ka ga ƙananan kumfa suna fitowa daga bakin katakon. Iskar da ke cikin ramukansa ce zafi ke korowa. Bar shi haka awa 2 zuwa 3, sannan ka janye wutar, ya kwana a ciki. Yayin da yake hucewa ne yake zuƙar maganin ya cike gurbin iskar. Wanda ya tsame shi da zafinsa ya yi asarar itacen wuta kawai. Wannan dahuwar kuma tana kashe ƙwai da tsutsar da ke ciki, domin digiri 56 na minti 30 a tsakiyar katako shi ne ma'aunin da ake bi a duniya wajen katakon ɗaure kaya.

Farin katako irin obeche shi ne ƙwaro ya fi so. Zuciyar itacen turare kuwa, wanda ya yawaita a Filato, da ƙyar take shan magani, sai dai farin gefenta.

Bayan ka tsame, jera shi a inuwa, da 'yan sanduna tsakanin kowane layi don iska ta ratsa. Kada ka baza shi a rana lokacin hunturu, tsagewa zai yi. Muddin danshinsa ya sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, funfuna ba ta samun wurin zama.

Zafi na biyu a masana'anta ake yinsa da kyau. A Finland suka inganta hanyar gasa katako da tururi tsakanin digiri 190 da 212, sai ya yi duhu, kumburinsa ya ragu sosai. Sai dai ƙarfinsa yana raguwa, shi ya sa ba na son a ɗora masa nauyin rufi. Mai ƙaramin shago zai iya babbake saman busasshen katakon da wutar gas har ya yi baƙi kaɗan, ya goge da burushin waya, sannan ya shafa fenti ko vanish don ruwa kada ya wanke maganin.

Abu ɗaya nake roƙo: kada wuta ta taɓa katakon da aka shafa wa maganin katako na Solignum, kalanzir ko baƙin mai, nan take zai kama. Haka katako mai launin kore-kore irin na turakun lantarki, akwai gubar asenik a cikinsa, hayaƙinsa yana cutarwa. In kuma ginshiƙi ne da zai shiga ƙasa, boron kaɗai ba zai riƙe shi ba. Ɗora shi a kan kankare, nesa da laima.