Idan mucura ta tare a rufin gidanka: yadda za ka fitar da ita lafiya

A watana na biyu a Belém, a arewacin Birazil, na fara jin takun wani abu a cikin silin da tsakar dare. Na ɗauka ɓera ne. Ran da na hau da tocila sai na yi ido biyu da wata aba mai girman kyanwa, mai dogon baki, wutsiyarta ba gashi kamar ta gafiya, ta wangale mini baki tana huci. Mutanen nan suna kiranta mucura, a kudancin ƙasar gambá, a Meziko tlacuache, Turawa kuma ofosum. Ba ɓera ba ce ko kusa. Tana da jaka a cikinta inda take renon 'ya'yanta, kuma haƙoranta 50 ne cif.

Na fara neman sandar da zan buge ta da ita. Tsohuwar da na kama haya a gidanta ce ta hana ni, kuma daga baya na gane ta yi mini gata. Dokar Birazil mai lamba 9.605 ta 1998 ta haramta kashe dabbar daji, hukuncin kuwa ɗaurin wata shida zuwa shekara ɗaya da tara. Ko ba doka ma, kashe ta da duka ganganci ne, don jininta na iya ɗauke da Trypanosoma cruzi, ƙwayar cutar Chagas, wadda likita Carlos Chagas ya gano a 1909 a garin Lassance. Kada ka saka mata kare kuma, kare yana kamuwa idan ya ci namanta. A 1984 mai bincike 'yar Birazil Maria Deane da abokan aikinta suka nuna cewa ƙwayar tana hayayyafa har a cikin 'yan jakunkunan warin da ke gefen duburar dabbar, waɗanda take fitar da ruwansu idan ta firgita. Saboda haka duk abin da zai tsorata ta a kan kwanukanka ko tankin ruwanka, ka bar shi.

Haƙoran nan ba su ne abin tsoro ba. Ciwon haukan kare ma da wuya a same shi a jikinta. Abin tsoron shi ne ƙwaron da ke kwana a sheƙarta yana shan jininta, wanda a nan ake kira barbeiro. Baƙi ne ko ruwan ƙasa, tsawonsa kamar santimita 2 zuwa 3, kansa dogo, gefen jikinsa da ɗigo-ɗigon ja ko rawaya. Da dare yake fitowa, kamar kuɗin cizo. Cizonsa kaɗai ba ya sa cutar Chagas, a kashinsa ƙwayar take. Yana gama shan jini sai ya yi kashi kusa da wurin, kai kuma cikin barci ka sosa, ka shafa kashin a bakin cizon ko a ido.

Ga yadda na fitar da tawa. Da rana na zagaya gidan na gano inda take shiga, wata kafa ce a ƙarƙashin rufi, kusa da reshen mangwaron da ya taɓo bango. Da yamma na barbaɗa garin fulawa a bakin kafar. Wajen ƙarfe tara na dare na haska, na ga sawunta ya nufi waje, shi ne na toshe kafar da ragar waya da ƙusa. Tsumma ko kwali ɓata lokaci ne. Kafin ka toshe, leƙa sheƙar. Uwa takan tafi da 'ya'yanta a jaka ko a bayanta, amma waɗanda suka ɗan tasa akan bar su a baya, idan kuwa suka mutu a silin, wari zai kore ka daga ɗakin. Idan ta ƙi fita ko ta ji rauni, kira 'yan kwana-kwana a lamba 193. Idan ka tarar da ita a kwance baki buɗe kamar gawa, kada ka ɗauka da hannu, sau da yawa mutuwar ƙarya ce. Washegari na sare reshen.

Inda mutane suka fi yin kuskure shi ne bayan ta tafi. Ka raba ƙwaron da abincinsa, kuma jini mafi kusa da shi yanzu naka ne. A ranar za ka kwashe sheƙar. Sa safar hannu da takunkumi, yayyafa ruwan bilic a kan ganyayen da kashin har su jiƙe, kada ka share su a bushe, sannan ka ƙulle a leda biyu. Fitsarinta na iya ɗaukar ƙwayar leptospira mai jawo zazzaɓi, ƙumar jikinta kuma a Texas da Kalifoniya an danganta ta da zazzaɓin taifus. Daga nan ka ɗaga katifa, ka duba bayan hotunan bango da tsagar katako. Idan ka ga barbeiro, kada ka murƙushe shi. Sa hannunka cikin leda, ɗauke shi, jefa a kwalba mai murfi, ka kai cibiyar lafiya mafi kusa. Za su duba ko yana ɗauke da cutar, su zo feshi idan da bukata. Ni na yi wata guda ina kwana cikin gidan sauro bayan haka. Akurki ma a matsar da shi nesa da ɗakin kwana. Kaji ba sa kamuwa, amma suna ciyar da ƙwaron.

Sai abin sha, wanda a yankin Amazon shi ya fi kawo sababbin kamu da cutar Chagas. Idan aka markaɗa ƙwaron ko kashinsa cikin 'ya'yan açaí, wasu ƙananan 'ya'yan itace da ake markaɗawa a sha a nan, shike nan. Haka ta faru da ruwan rake a jihar Santa Catarina ta kudancin Birazil a 2005, da ruwan gwaba a wata makaranta a Caracas, babban birnin Venezuela, a 2007. Firji ba abin dogaro ba ne, zafi ke kashe ƙwayar. A jihar Pará, inda Belém yake, ana bukatar mai sayar da açaí ya tsoma 'ya'yan a ruwa mai zafin digiri 80 a ma'aunin Celsius na daƙiƙa 10 kafin ya markaɗa. Ni ina tambaya kai tsaye, wanda ya ɓata rai sai in wuce gaba. A gida kuma rufe tanki, kada abincin kare ya kwana a waje, gwangwanin shara a sa masa murfi mai nauyi.

Zazzaɓin da ya kai mako bai sauka ba, ko kumburin fuska da ƙafa, ko fatar ido ɗaya ta kumbura ba zafi, ka je asibiti ka faɗa wa likita da bakinka cewa mucura ta zauna a rufinka. Maganin benznidazole, da ake sha kusan kwana 60, yana aiki sosai a farkon kamu, kuma kyauta ne a asibitocin gwamnati. Idan aka yi sake, cutar takan yi lamo shekaru 10 zuwa 30, sannan ta taɓa zuciyar kusan kashi 30 cikin 100 na masu ɗauke da ita.

Tawa mucurar har yanzu ina ganinta wani lokaci a kan katanga da dare, tana bin mangwaron da ya faɗo. Ragar wayar nake dubawa duk ƙarshen wata.