Yadda ake haɗa tarihin ƙungiyar jiha a wasan zari-ruga na mutum 13

Mutumin Yamai ko Tawa ba sai an yi masa dogon bayani a kan ƙungiyar jiha ba. Tun 1975 da aka fara gasar takobin kokowa a Tawa, kowa ya san ɗan kokowa in ya shiga fili ba sunansa kaɗai ya ɗauko ba, da sunan Dosso ko Maraɗi ko Damagaram ya shigo. Haka abin yake a wasan zari-ruga na mutum 13 a ƙasar Ostareliya, inda zaɓaɓɓun jihar Queensland masu riga ja mai duhu suke karawa da na jihar New South Wales masu shuɗiyar riga tun 1908. Mai shirin wasanni a rediyo, ko mai rubutu a Facebook, da yake son ya ba da tarihin irin wannan ƙungiya ba tare da ya cakuɗa shi ba, ga hanyar da zai bi. Queensland za mu ɗauka mu gwada, don tarihinta ya tara kusan duk tarkon da mai rubutu kan faɗa.

Da farko ka tabbatar wane wasa kake nema. Zari-ruga iri biyu ne, na mutum 15 da na mutum 13. Sun rabu ranar 29 ga Agusta 1895 a garin Huddersfield na Ingila, lokacin da kulob-kulob na arewacin ƙasar suka balle saboda an hana su biyan 'yan wasa kuɗin aikin da suka rasa ranar wasa, galibinsu kuwa ma'aikatan masaƙa ne da mahaƙa kwal. A 1906 aka rage 'yan wasa zuwa 13. Mu da muka fi karanta Faransanci, nan muke fara zamewa: in ka rubuta kalmar rugby kaɗai a intanet, na mutum 15 zai fito maka. Sai ka rubuta rugby à XIII, ko rugby league da Ingilishi. A tsofaffin jaridun Faransa kuma jeu à XIII za ka nema, domin gwamnatin Vichy, wadda ta mulki Faransa lokacin yaƙin duniya na biyu, ta haramta wasan a 1941, bayan yaƙin kuma aka hana shi sunan rugby har 1993. Queensland tana da wata ƙungiya ta mutum 15 da ake kira Reds. Duk labarin da ka ga da wannan suna, ba na aikinka ba ne.

Sai babbar tambaya, wadda duk sauran aikin ya rataya a kanta: a shekarar da kake rubutu a kai, wa ake ɗauka a matsayin ɗan jiha? Kada ka rubuta sakamako ko ɗaya sai ka amsa wannan.

Daga 1908 zuwa 1981, inda ɗan wasa yake zaune yana bugawa shi ne jiharsa. A wasan farko New South Wales ta ci 43 da babu, kuma Queensland ba ta ga nasara ba sai 1922. Abin ya ƙara lalacewa bayan 1956, da aka halatta injunan caca a kulob-kulob na New South Wales. Kuɗi suka cika ƙungiyoyin Sidni, babban birnin jihar, suka riƙa ɗauke gwanayen Queensland ɗaya bayan ɗaya, kuma da yaro ya sauka Sidni sai a sa masa shuɗiyar riga ya komo ya doki 'yan gidansu. Ka kwatanta da a ce kowane gwanin kokowa na Tawa da ya sami abin yi a Yamai dole ya shiga fili da sunan Yamai. Daga 1960 har 1981 Queensland ba ta ci gasar shekara ko sau ɗaya ba. Marubucin da ya jera waɗannan shekaru ya ce jihar ba ta da 'yan wasa ya zalunce ta, don 'ya'yanta suna cikin masu dukanta.

Ranar 8 ga Yuli 1980 a filin Lang Park na Brisbane, babban birnin Queensland, aka gwada sabuwar ƙa'ida ta asali, wato ɗan wasa ya buga wa jihar da ya fito ko da a wata jiha yake zaune, wadda ta ba gasar sunanta na yau, State of Origin. Arthur Beetson, haifaffen garin Roma na Queensland, wanda ya shekara da shekaru yana buga wa New South Wales, ranar ya fara sa rigar jiharsa yana da shekara 35, shi ne kuma kyaftin. Queensland ta ci 20 da 10. Amma ita ma ƙa'idar asali ba ta tsaya wuri ɗaya ba. An daɗe ana duba inda yaro ya fara buga wasan manya, shi ya sa Greg Inglis, wanda aka haifa a Kempsey cikin New South Wales, ya zama ɗan wasan Queensland, ana ta gardama a kai. A ƙarshen 2012 aka gyara, aka sa sharaɗin cewa ɗan wasa ya zauna a jihar kafin ya kai shekara 13. Saboda haka a tarihinka “ɗan Queensland” yana da ma'ana uku aƙalla, kuma dole mai sauraro ya san wacce kake nufi a kowane zango.

Yanzu ka ɗauki babban littafin rubutu, ko ka buɗe shafin lissafi a kwamfuta. Kowane wasa layi ɗaya. Ka ja gurabe tara: kwanan wata, gari da fili, sakamako, ƙa'idar zaɓe, kyaftin, koci, waɗanda suka ci maki, yawan 'yan kallo, da inda ka samo bayanin. Gurbi na ƙarshen nan shi mutane suka fi raina wa, shi ne kuma yake ceton ka ranar da wani ya bugo waya cikin shiri ya ce ƙarya ne. Duk sakamakon da ba ka gan shi a wuri biyu da ba su kwafi juna ba, ka rubuta shi da fensir. Don shekarun farko, ɗakin karatu na ƙasar Ostareliya yana da rumbun tsofaffin jaridu a intanet mai suna Trove, kyauta ne, kuma galibin abin da ke ciki ya tsaya wajen 1954. Ka nemi jaridar washegarin wasa, ta Brisbane ɗaya ta Sidni ɗaya, don kowacce tana ja wa jiharta.

Ka riƙa gwada kowane sakamako da lissafi, amma da darajar makin zamaninsa. A yau dire ƙwallo bayan layin abokan gaba maki 4 ne, bugun da ke biyo baya 2, bugun laifi 2, bugun da ake sakin ƙwallo ta taɓa ƙasa kafin a harba ta galibi 1. Kafin 1983 direwa maki 3 ce, kafin 1971 kuma bugun nan na ƙarshe maki 2 ne. Ɗauki wasan 1980: Kerry Boustead da Chris Close kowa ya dire sau ɗaya, maki 6 ke nan. Mal Meninga, wanda ranar ce ya cika shekara 20, ya buga bakwai duka suka shiga, maki 14. Jimla 20. In ka lissafa da ƙa'idar yau 22 za ka samu, ka zauna kana neman kuskure inda babu shi. In kuwa ka yi amfani da darajar da ta dace lissafi ya ƙi fita, to ɗaya daga cikin majiyoyinka ta tsallake wani, sai ka koma jarida.

Akwai wasannin da ba sa shiga layi cikin sauƙi, kowanne ka sa masa alama. A 1980 da 1981 wasa biyun farko da tsohuwar ƙa'ida aka yi su, na uku ne kaɗai na asali, gasar asali mai wasa uku cikakku sai 1982 ta fara. A 1987 an ƙara wasa na huɗu a Long Beach ta Amurka, na nuni ne, bai shiga cin gasar ba. A 1997 rikicin hukumomi ya raba wasan gida biyu, aka sami ƙungiyar Queensland guda biyu a gasa biyu daban. A 1999 da 2002 canjaras aka yi, Queensland ta riƙe garkuwar gasar don tana hannunta, saboda haka “ta riƙe” za ka rubuta, ba “ta ci” ba. A 2020 cutar korona ta tura gasar zuwa Nuwamba, in ka neme ta a watan Yuni ba za ka gan ta ba. Gasar mata, wadda ta ɗauki wannan suna a 2018, ka ba ta shafinta daban.

Haka ma wajen bajinta, ka faɗi daga ina ka fara ƙirga. Wasa 42 na Cameron Smith, direwa 18 ta Inglis, da shekara takwas a jere daga 2006 zuwa 2013 da Queensland ta ci a hannun koci Meninga, duk lissafin bayan 1980 ne. Wally Lewis yana da wasa 31 a wannan lissafi, alhali ya fara sa rigar jihar tun 1979.

In shirin minti 15 ne a rediyo, ka ba asalin wasan minti biyu, shekarun shan kashi da dalilinsu minti huɗu, daren 1980 minti huɗu, sauran ka bar wa abin da ya biyo baya. Kada ka karanta sakamako fiye da biyar, kunne ba ya riƙe su. Ka daidaita shirin da lokacin gasar, wadda galibi ake yi tsakanin ƙarshen Mayu da Yuli, ranar Laraba wajen ƙarfe 8 na dare agogon Sidni. Ka cire awa tara, ya kama wajen ƙarfe 11 na safe a Yamai, don haka mai shirin yamma zai iya shiga da sakamakon ranar a hannunsa.